Yadda ake zaɓen ma'aunin zafin jiki na gida da yadda ake aiki da shi

A yawancin gidajenmu, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12, bayan hannu ne ma'aunin zazzaɓi. Uwa ta ɗora hannu a goshin yaro ta ce jikin ya yi rau, kaka ta taɓa wuyansa ta ce a'a, zafin gari ne kawai. Kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Hannun da ya fito daga ruwan wanki, kowane jiki ya taɓa zafi zai ji. Wanda ya tashi daga gaban murhu kuwa, ko jikin yaro ya yi zafi zau zai ji shi daidai. Ga kuma yanayin Legas: ɗaki ɗaya, rufin kwano, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, kowa ya jiƙe sharkaf da gumi. A irin wannan dare hannu ba ya iya raba zafin ɗaki da zafin ciwo.

A garin nan zuwa asibiti tafiya ce. Kafin a fita sai an yi lissafin kuɗin mota, da gosulo, da layin yankar kati, da wanda za a bar wa sauran yara. Shi ya sa mutane suka kasu biyu: masu suntumar yaro a guje don jikinsa ya ɗan yi ɗumi, da masu cewa a bari gari ya waye alhali ciwon ba na jira ba ne. Na biyun su ne suka fi ba ni tsoro. Ɗan ma'aunin zafi mai batir yana raba wannan gardama cikin minti ɗaya. Ba zai faɗi sunan ciwon ba, amma zai nuna ko akwai zazzaɓi, da yawansa, da ko hawa yake yi ko sauka. Wannan ya isa a san ko za a fita da daren nan ko za a jira safiya.

Wanne za a saya

Na farko shi ne siririn nan mai tsinin ƙarfe, mai maɓalli ɗaya da ɗan gilashin da lamba ke fitowa. A hammata ake sa shi ko a ƙarƙashin harshe. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma shi nake so kowane gida ya fara mallaka. An ce araha ba ta ado, amma a nan maganar ba ta ci ba. Masu kyau a cikinsu kuskurensu ba ya wuce 0.1 na digiri, kuma tunda jiki yake taɓawa kai tsaye, iskar fanka da zafin ɗaki ba sa ruɗa shi sosai.

Na biyu shi ne mai siffar bindiga da ake saitawa a goshi. Mutanen Legas sun san shi tun Yulin 2014, lokacin da Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed ɗauke da cutar Ebola, aka wayi gari ba a shiga banki ko makaranta sai an haska wa mutum goshi. Da korona ta shigo a Fabrairun 2020 kuwa, har ƙofar shaguna da masallatai ya kai. Don tace jama'a da yawa cikin sauri aka yi shi, ba tare da an taɓa kowa ba. Zafin da fata ke fitarwa yake karantawa, sannan ya ƙiyasta na cikin jiki, fata kuwa ba ta da tabbas: gumi ya sanyaya ta, rana ta gasa ta, hula ta ɗumama ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar banki ya ga maigadi ya haska masa goshi, lamba ta nuna 34, ya ce wuce, ya san abin da nake nufi. Amfaninsa ɗaya babba ne: ana auna yaro yana barci ba a tashe shi ba. Kuɗinsa ya ninka na siririn sau da yawa. Mai hali ya haɗa biyun, amma in ɗaya za a saya, siririn za a ɗauka.

Akwai na kunne, mai sauri ƙwarai, sai dai bai dace da jaririn da bai kai wata shida ba saboda ƙanƙantar ramin kunnensa, kuma daudar kunne na rage masa daidaito. Wasu ma sai da 'yar hular roba da ake canzawa, wadda in ta ƙare sai an sha yawo kafin a samu. Akwai kuma wata 'yar leda da ake mannawa a goshi tana canza launi. Wannan kada a ɓata kuɗi a kanta.

Saura tsohon na gilashi mai farin ruwan zaiba a ciki, wanda muka taso muna ganin nas na kaɗawa. Yana awo daidai, amma zaiba guba ce, gilashi kuma yana fashewa, wani lokaci ma a bakin yaro. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata ta 2013, wadda Najeriya na cikinta, ta tsayar da a daina ƙera irinsa da shigo da shi. In har yanzu akwai shi a durowar gida, lokacin ritayarsa ya yi.

A gaban kanta

Maigida, tunda galibi kai ne mai sayowa, ka nufi babban shagon magani mai rajista ko kemis ɗin da ka sani, inda in abu ya ƙi aiki za ka iya mayarwa. Na hannun masu talla a gosulo, wanda ya wuni a rana kuma ba za ka sake ganin mai shi ba, ka bar musu. Sunaye irin su Omron, Microlife, Braun da Beurer sanannu ne, amma suna kaɗai ba hujja ba ne, domin sunan da ya yi fice shi ake yi wa jabu. Ka duba kwalin: sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka ƙera, takardar bayani a ciki. Kayan aikin lafiya irin wannan suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, don haka in ka ga lambar rajistarta ƙarin natsuwa ne. Kwalin da rubutunsa ya dusashe ko babu sunan kowa a jiki, ka ajiye.

Kada ka ji nauyin cewa, "Malam, kunna min shi in gani." In aka danna maɓalli, yawancinsu sukan fara nuna 188.8 na ɗan lokaci. Gwajin gilashin ne, kuma nan za ka lura ko wani sashe na lambobin ya mutu. Lambar da ta ɓalle gefe ɗaya na iya mayar da 8 ta koma 6 ko 9, wato 38 ta zama 36, ka ga an kwana da zazzaɓi ana cewa lafiya lau. Bayan haka sai ya nuna awon ƙarshe da aka yi, sannan L ko Lo ta fito, ƙaramar C tana ƙyaftawa a gefe. Mutane da yawa na ganin Lo su ce batir ya yi sanyi. Ba haka ba ne. Cewa yake abin da tsinin ke ji bai kai zafin jiki ba, a shirye yake a sa shi. Alamar batir daban take, ɗan hoton batir ne ko ɗigo a kusurwa.

Ka tambayi irin batirinsa. Siraran galibi LR41 suke ci, irin na agogo, ana samunsa wurin masu gyaran agogo. Masu bindiga kuma yawanci AAA guda biyu. Ka tabbata murfin batirin na buɗuwa, kuma ba buɗewar da yaro zai iya da farce ba. In akwai mai laushin baki da ke lanƙwasa, ya fi daɗi ga yara. Wanda ruwa ba ya shiga ya fi sauƙin wanki. Abin da ni nake fifitawa a garin nan shi ne mai fitila a gilashinsa, domin zazzaɓi da dare ya fi tashi, wuta kuma ba ta da alkawari.

Ranar da ya shigo gida

Kada a jira sai wani ya kwanta. Ranar da aka kawo shi, a zauna a karanta takardarsa, a auna kowa yana cikin ƙoshin lafiya, da safe sau ɗaya, da yamma sau ɗaya. Da haka hannu zai saba, kuma za a san inda jikin kowa yake tsayawa. Lambar nan 37 da kowa ya haddace ta samo asali ne daga aikin wani likita Bajamushe, Carl Wunderlich, wanda ya wallafa a 1868, kuma matsakaici ce kawai. Lafiyayyen mutum na iya nuna 36.3 da asuba ya nuna 37.2 da la'asar, domin jiki ya fi sanyi da sassafe, ya fi ɗumi da yamma. Maigida ma ya koya, babbar 'ya ma ta koya. Ranar da uwargida ce a kwance, wani ne zai auna ta.

A ranar kuma a tabbatar a kan C yake. Ma'auni biyu ake da su, Salsiyas mai alamar C, wanda asibitocinmu ke aiki da shi, da Faranhait mai alamar F, na Amurka. Kayan da aka shigo da su daga can sukan zo a kan F, sai uwa ta ga 99 hankalinta ya tashi. A yawancinsu, in yana kashe aka danna maɓallin aka riƙe na 'yan daƙiƙu, zai sauya. In ya ƙi, a rubuta wannan a manna a gidansa: 98.6 ita ce 37, 99.5 ita ce 37.5, 100.4 ita ce 38, 102.2 ita ce 39, 104 kuma 40.

Awo a hammata

Ga yaron da bai kai shekara biyar ba, hammata ce wurin awo a gida. Uwargida, ga yadda za ki yi.

Ki fara tuna abin da yaron yake yi kafin yanzu. In saukarsa daga goyo ke nan, ko an fito da shi daga wanka, ko ya shigo daga guje-guje a rana, ki bar shi ya huta kamar minti 15 zuwa 20 a inuwa da riga marar nauyi. Bayan uwa da zani da majanyi suna ɗumama yaro ba kaɗan ba. Haka jaririn da aka naɗe da hula da safa da rigar sanyi da shawul a cikin zafin Maris, wai kada sanyi ya kama shi: a rage masa kayan tukuna. In kuma kina shirin ba shi farasitamol, ki auna kafin ki ba shi, don in magani ya riga ya shiga, lambar da za ki gani ta ɓoye ainihin zafin.

Ki goge tsinin da auduga da sifirit, ki bari ya bushe. Ki cire masa riga ko ki zare hannu ɗaya daga cikinta. Ba a awo ta kan tufa. Ki ɗaga hannun ki share gumin hammatar da busasshen ƙyalle, a hankali, ba gurzawa ba. Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma a Legas babu wanda ya kai shi muhimmanci, domin jiƙaƙƙiyar fata na sa ma'auni ya ba da lambar da ta gaza ta gaskiya.

Ki danna maɓalli ki jira Lo ta fito. Sai ki kai tsinin can tsakiyar ramin hammata, inda fata za ta rufe shi ta ko'ina. Ki leƙa ta baya ki tabbata bai ɓullo waje ba. Ga jarirai hakan na yawan faruwa saboda hammatar 'yar mitsitsiya ce, sai ki tarar iskar ɗaki kike aunawa. Ki sauke hannun ki manna shi da haƙarƙarinsa, tafinki na riƙe da gwiwar hannun.

Yaro ba zai tsaya miki ba, wannan sananne ne. Ki ɗora shi a cinya, gefen da ma'aunin yake ya jingina da cikinki, hannunki ɗaya ya zagaye shi. In mai shan nono ne ki sa masa nono a baki, kafin ya farga an gama. Wanda ya ɗan tasa kuwa ki ce, "Yi shiru mu ji, ni da kai wa zai riga jin kukansa?" Sai ki ga ya kasa kunne ya daina mutsu-mutsu.

In ya yi ƙara, ki ciro ki karanta nan take. Wasu kamfanonin suna cewa a hammata a ƙara barinsa na ɗan lokaci bayan ƙarar, don haka abin da takardar naki ta faɗa shi za ki bi. In yaron ya fizge hannu ana tsakiyar awo, ko lambar ta saɓa wa abin da idonki ke gani, ki kashe ki sake a ɗaya hammatar. In kin samu lambobi biyu, ki ɗauki mafi girma. Hi na nufin zafin ya wuce iyakar abin da yake iya aunawa, Err kuma awon ne ya lalace. Duka biyun a sake, in Hi ta maimaitu ga yaron da jikinsa ke ƙuna, ba sauran zama.

Baki, goshi da sauransu

Babba, da yaron da ya kai shekara biyar ya san ba zai ciza ba, a baki ya fi. Sharaɗin shi ne kada ya kasance ya sha shayi ko koko mai zafi ko fiyawata mai sanyi a cikin rabin awar da ta wuce. A sa tsinin ƙarƙashin harshe, can baya ta gefe ɗaya, a rufe leɓe ba haƙora ba, a yi numfashi ta hanci, ba magana har ya yi ƙara. Wanda mura ta toshe wa hanci ko yake tari ba ƙaƙƙautawa, a koma masa hammata. Mai jego kuma a baki ya fi dacewa da ita, musamman in nono ya cika ya yi tauri, kuma ba bayan fitowarta daga wankan ruwan zafi ba.

Awon dubura shi ne mafi daidaito ga jarirai, amma in ba ma'aikaciyar lafiya ce ta nuna miki da hannunta ba, ki bar musu. Wanda aka taɓa sawa a can kuma ba ya komawa baki har abada. A ɗaura masa alama.

Mai bindiga yana da nasa sharuɗɗa. A duba yana kan Body, wato saitin auna jikin mutum, domin akwai wani saiti, Surface ko Object, na auna ruwan wanka ko madarar jariri, wanda in aka bar shi a kai zai nuna mutum ya fi yadda yake sanyi. A ja hula ko ɗankwali ko hijabi baya, a kawar da gashi, a share gumi, a jira 'yan mintuna. A kauce wa gaban fanka da rana. Shi kansa ma'aunin ya ɗan zauna a ɗakin tukuna. Wanda aka ciro daga mota mai zafi yanzun nan ba abin yarda ba ne. A saita tsakiyar goshi, a tazarar da takardarsa ta faɗa, galibi santimita 3 zuwa 5. Ba a wuyan hannu ba, yadda masu gadi suka koma yi lokacin korona. A auna sau uku, in sun yi nesa da juna ko ya nuna zazzaɓi, a tabbatar da siririn.

Abin da lambar ke faɗa

A baki ko kunne, 38 zuwa sama zazzaɓi ne. Hammata takan nuna ƙasa da haka da kamar rabin digiri, shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ke bi ta ɗauki 37.5 a hammata a matsayin zazzaɓi ga yara. Kada ki ƙara wa lambar komai da kanki. Ki faɗi abin da kika gani da inda kika auna, lissafin na likita ne.

Akwai waɗanda ba a jira da su. Jaririn da bai kai wata uku ba, in hammata ta nuna 37.5 bayan an rage masa kaya an sake awo, ko ta kai 38, asibiti ne a wannan lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, ko da yana shan nono. Jariri sabon haihuwa sanyin jiki ma alamar haɗari ne: ƙasa da 35.5 daidai yake da zazzaɓi mai zafi. Ɗan wata uku zuwa shida da ya kai 39, mai sikila da ya kai 38, mai ciki, mai jego, duk a ranar za su ga likita. Tsofaffi kuma ciwo kan yi musu tsanani jikinsu bai yi zafi ba, don haka in Baba ya rikice ko ya daina cin abinci, kada 37 ta kwantar muku da hankali.

Ga sauran yara, a haɗa lamba da ido. Yaron da ke da 39 amma yana shan ruwa, yana fitsari, yana rigimar a ba shi waya, ya fi sauƙi a kan mai 38 da ya yi laƙwas ba ya ko ɗaga kai. In ya ƙi nono ko ruwa, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko yana barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashi na sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko wuya ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi baƙi ko ya ɗauke, a fita kawai, ko me ma'auni ya nuna. Lambobin gaggawa na jihar Legas 112 ne da 767. Kuma tun ana lafiya a san asibitin da ke karɓar yara da dare mafi kusa da unguwa. Ba kowa ne ke zaune kusa da manyan asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja ba.

Jijjiga ita ce ta fi firgita iyaye. Takan zo wa wasu yara tsakanin wata shida da shekara biyar in zazzaɓi ya tashi. Nan take maƙwabta za su cika ɗaki, wannan da cokali, wancan da manja, wata da albasa. A yi musu godiya a hana su. A kwantar da yaron a gefensa a ƙasa, a kawar da abin da zai buge, kada a tura komai a bakinsa, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. A duba agogo. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba a tafi da shi a haka, in ta tsaya ma a kai shi a duba, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau duk suna zuwa da ita.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne, da an ga 38 sai a aika kemis a sayo maganin maleriya. Gaskiya ne Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, amma mura, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ciwon fitsari, taifot da zazzaɓin Lassa duk da zafin jiki suke farawa, kuma a gilashin ma'auni kamanninsu ɗaya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da magani. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. A yi shi a ranar da zazzaɓin ya fara, musamman ga ƙananan yara. In an fara magani, kwana biyu zuwa uku lamba ba ta sauka ba, a koma.

Haka batun haƙori. Fitar haƙori na iya sa ɗan ɗumi da rigima, amma ba ya kai yaro 38 zuwa sama. In ya kai, wani abu ne daban. Kuma a yi hattara da ruwan magungunan haƙori barkatai. A ƙarshen 2008 wani da aka haɗa a nan Legas, My Pikin, ya gurɓata da guba mai lalata ƙoda, yara 84 suka rasu.

In zazzaɓin mai sauƙi ne ana kula da shi a gida, a yawaita nono da ruwa, a sa tufa marar nauyi, ɗaki ya samu iska. Farasitamol gwargwadon nauyin yaro ake ba shi, da cokalin awon da ya zo cikin kwalin, a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. A duba jikin maganin mura ko tari, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada a ninka ba a sani ba. Asfirin ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne. Ruwan sanyi da ƙanƙara da shafa sifirit a jiki duk a bari. Suna sa makyarkyata, su sanyaya fata cikin yana nan da zafinsa. In za a goge jiki, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba sai an yi ta awo kowane minti goma ba. Bayan kamar awa ɗaya da shan magani, sannan duk awa huɗu, ya wadatar, kuma yaron da ya samu barci mai daɗi ba a tashinsa don awo.

A rubuta

A ajiye ƙaramin littafi tare da ma'aunin, ko a rubuta a waya. Layi ɗaya ya isa: Talata, 9 na dare, hammata, 38.6, an ba da farasitamol 9:10. Wanda ya taɓa zama a gaban nas ya san yadda hirar take. "Hajiya, tun yaushe?" "Wallahi ya ɗan kwana biyu." "Zafin ya kai nawa?" "Sosai dai." Ga wadda Turanci ko Yarabanci bai zauna mata a baki ba kuwa, takardar nan ta fi kowane tafinta: miƙawa kawai za ta yi, likita ya ga ranar da abin ya fara, da yadda yake tashi da dare ya sauka da safe, da abin da aka riga aka sha.

Tsabta da ajiya

Bayan kowane awo a goge tsinin da sifirit, ko a wanke shi da sabulu da ruwa marar zafi. Ruwan zafi na lalata shi, kuma in ba a rubuta cewa ruwa ba ya shigarsa ba, kada a tsoma ɓangaren gilashin. Idon mai bindiga da busasshen ƙyalle mai laushi ake share shi. In maƙwabciya ta zo aro, kuma za ta zo, a goge kafin a bayar, a goge in ya dawo.

A mayar da shi gidansa na roba, a sa a wuri guda da kowa ya sani, nesa da taga da risho. Laimar Legas na cin ƙarfe, don haka mai bindiga in zai daɗe ba a taɓa shi ba a cire batiransa kada su zubar da ruwa a ciki. Lamba ta fara dusashewa ko ya fara ba da awon da ba ya kan gado, a canza batir, a gwada a jikin lafiyayye. In ya faɗi ƙasa da ƙarfi ma haka. Tsohon ƙaramin batirin kuma kada a yar da shi inda yaro zai tsinta. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu, don haka asibiti kai tsaye, ba a sa shi amai.

In na gilashin nan ne ya fashe kafin a rabu da shi, a fitar da yara da mai ciki daga ɗakin, a kashe fanka, a buɗe taga. Kada a sa tsintsiya, warwatsa zaibar take yi ta shige ramukan siminti. A sa leda a hannu, a tattara ƙwayoyin da kati mai kauri, ƙananan a ɗauke su da salatif, a haska tocila a kwance a ƙasa don a ga waɗanda suka ɓuya. A zuba duka da fasassun gilashin a kwalba mai murfi a rufe tam, kada a zuba a kwata ko masai, kada kuma a jefa a sharar da za a ƙona. Tabarma ko ƙyallen da ta zuba a kai a ƙulle a leda a fitar, a bar tagar a buɗe har washegari.